Daren da Kawu ya yage min tanti

Mai shagon ya rantse mini cewa tantin na kowane lokaci ne. Ya nuna mini wata ƙatuwar lamba 4 a jikin jakarsa, ya ce ma'anarta yanayi huɗu na shekara. Nan take na ƙirga a yatsuna: bazara, damina, kaka, rani. Na ce to shi ke nan, don mu aka yi shi. A wani shagon kayan gwanjo ne a Sabon Garin Zariya, cikin tulin jakunkunan goyo da takalman hawan dutse da Turawa suka gaji da su. Na taya, ya yi albarka, na ƙara, ya sallama. Sai daga baya na gane cewa yanayi na huɗun da masu tantin suke nufi ba ya cikin namu. Su lokacin dusar ƙanƙara suke nufi, lokacin da mutum kan kwana a kan tsauni iska na neman ɗauke shi da shimfiɗarsa.

Dalilin sayensa kuwa babban ɗana ne. Ɗan fari ne, don haka mai karatu zai yi mini uzuri in ban kama sunansa ba. A lokacin shekararsa 11, an haife shi a Kaduna, ya tashi a Kaduna, rake ma a baro ya san shi, an feƙe an yayyanka. Ni kuma a fadamar rake na girma, a wani ƙauye da ke ƙasar Maƙarfi. Duk hunturu, da zarar an fara saran rake, mazan gidanmu sukan tare a bakin fadama, a kafa bukkoki, a yi makonni ana dafa mazarƙwaila. Ina yaro doki ne ke juya abin matsar, yana zagaye tun safe har ya gaji a sauya wani. Yanzu inji ne. Amma sauran aikin yana nan yadda na bar shi: a matse rake, a tara ruwan a manyan tukwane, a hura wuta da busasshiyar tuƙa, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Ƙamshin nan na ruwan rake in ya fara kamawa, har yau in na ji shi sai zuciyata ta koma shekara goma. Na so yaron ya shaƙe shi ko sau ɗaya, ya kwana a fili, ya ga taurari ba tare da an ɗauke wuta ba.

Uwarsa ba ta so ba. Ta ce yaro mai yawan mura, ga sanyi, ga shi kwanan daji yanzu ba irin na da ba ne. Na ce mata fadamar a bayan gari take, maza sun fi goma a wurin, kuma ga tanti na sayo wanda ko a ƙasar ƙanƙara ake kwana a ciki. Na buɗe shi a tsakar gida ta shiga ta duba. Ta fito ta ce, "To, Allah Ya kiyaye. Amma amanarsa na hannunka."

Da aka ba da hutun makaranta a Disamban 2022 muka kama hanya. Daga Zariya muka bi titin Kano, muka karya a Tashar Yari muka nufi Maƙarfi, hazo ya rufe ko'ina, manyan motoci shaƙe da rake suna ta wuce mu. Mota ba ta isa bakin fadamar, don haka a ƙauye muka ajiye ta muka saɓi kaya. Ni na goya tantin da barguna biyu da jarkar ruwa, shi kuma na ba shi tabarma da tocila da ƙullin garin shayi. Tantin kaɗai ya kusa kilo 4. A tsakar gida wannan ba nauyi ba ne, amma bayan tafiyar minti arba'in a kan kunyoyin gona sai na ji kamar dutsen niƙa na ɗauko.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne babba a wurin. Ya haura saba'in amma har yanzu shi ke duba tukunya ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Yana zaune a kan buhu ya zuba mana ido muna harhaɗa sanduna. Sauran ma'aikatan ma, wasu 'yan gari, wasu 'yan ƙwadago daga wajen Likoro da Hunƙuyi, duk suka bar abin da suke yi suka kewaye mu. Da tantin ya miƙe, Kawu ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya dubi yaron ya ce, "Kai ɗan birni, a cikin wannan kifaffiyar ƙwaryar za ka kwana? Ta ina take numfashi?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Gaskiya a faɗe ta, abin an ƙera shi da basira. Sanduna huɗu ne na alminiyam, suna gicciye da juna a wurare da yawa, don kada nauyin ƙanƙara ko ƙarfin iska ya danne shi. Riga biyu gare shi. Ta ciki yadi ne tsantsa, ba raga ba irin ta tantunan da ake yi don lokacin zafi. Ta waje kuma nailan ne mai hana ruwa shiga, ta sauka har ƙasa, da wani leɓe a gindi wanda can ake danne shi da ƙanƙara. Ni da ƙasa na danne nawa. A gaba akwai ɗan zaure na ajiye takalma da jaka. Can sama kuma wasu 'yan kafofi biyu ne masu murfi, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Na dube su na ce a raina, ta nan sanyi zai shigo, na ja murafen na rufe. Bukkar su Kawu tana gefe, karan dawa ne da ganyen rake, in ka shiga da rana kana ganin haske ta kafa ɗari.

Duk wanda bai taɓa kwana a fadama cikin hunturu ba, bai san sanyin ƙasar nan ba. A cikin gari bango yana riƙe zafin rana ya sake maka shi da dare. A fadama ba abin da ke riƙewa. Sararin sama fes yake, iska busasshiya, don haka da rana ta faɗi zafin ƙasa sai ya gudu sama, sanyi kuma ya gangaro ya taru a kwari kamar ruwa. Iskar tana taso wa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ƙurar da take ɗauke da ita kuma mafi yawanta daga wani busasshen kwari ne a ƙasar Chadi da ake kira Bodele. A yankin Zariya, daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya doshi 10. Mutumin Rasha zai yi mana dariya. Amma shi da kayan da aka yi don sanyi yake tararsa, mu kuwa da bargo ɗaya da faso a dunduniya.

Daren farko ban runtsa ba sosai. Iska ba ta shigo ba, ko kaɗan, ina jin ta tana kaɗa ganyen rake tana dukan tantin amma ko gezau bai yi ba. Sai dai ta ƙasa sanyin ya ɓullo. Tabarma ɗaya muka shimfiɗa, ƙasar fadama kuwa mai danshi ce, ta yi ta tsotse ɗumin jikinmu. Na lulluɓa yaron da barguna biyun, ni na ƙudundune. A nan na gane cewa tanti ba ya ɗumama kowa. Tare iska kawai yake yi, ya riƙe ɗan ɗumin da jikinka ya fitar. In ƙasa tana sha, aikin banza ne.

Da safe Kawu ya ga idona ya gane. Bai ce komai ba, ya sa yara suka kwaso busasshen ganyen rake da tuƙa, muka ɗaga tantin aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa kauri kamar kamu ɗaya, aka ɗora buhunan wofi. Abin da suke yi ke nan a bukkarsu tun kaka da kakanni. Turawan da suka yi tantin ma, na gano daga baya, ba sa kwana a ciki sai da wata tabarmar soso a ƙasa, mai shagon ne bai haɗo mini da ita ba. Dare na biyu muka yi barci har da minshari.

Akwai abubuwan da ya burge ni da su. Mutanen bukka suna tashi da ƙura a gira da gashin baki, suna kakin majina, mu kuwa bargonmu tas. Gindinsa ɗinke yake da jikinsa, kunama ko maciji ba su da hanya. Akwai kuma inda ya gaza. Da asuba rufin ciki yakan jiƙe da tururin numfashinmu, in ka taɓa ya ɗiga maka a wuya. Da hantsi ya yi kuwa ba mai iya zama a ciki, tanderu ne. Ga ƙura da ta cika haƙoran zif ɗin, tun kwana na biyu sai an yi kokawa kafin ya buɗe.

Shi yaron ko a jikinsa. Ya wuni yana jan rake zuwa bakin inji, ya sha ruwan rake har cikinsa ya yi tulu, Kawu ya ɗebo masa mazarƙwaila mai ɗumi a kan ɓawon rake. Ya ga yadda ake lodin kwandunan tumatir da barkono a gonar maƙwabta za a kai wajen Ikara. Da dare ya kwanta rigingine bakin wuta Kawu yana nuna masa Kaza da 'Ya'yanta. Na ce a raina, kuɗin tanti sun fita.

Dare na uku ne sanyin ya sauko da gaske. Tun magariba jaura ke kaɗawa, kowa ya matso bakin murhu, ba mai son tashi ko alwala. Bayan isha'i muka shiga tanti, yaron ya fara tari yana cewa, "Abba, ƙafata ta ƙanƙare." Na tuna maganar uwarsa. Na fita na je bukkar su Kawu, na tarar sun yi barci, kaskonsu na gefe cike da garwashin gawayi, ja wur, babu harshen wuta, babu hayaƙi ko ɗis. Akwai wani ƙyalle ɗinke a bakin ƙofar tantin, da rubutu cikin harshen da ban iya ba, da hoton wuta an soke shi da jan layi. Na gan shi tun ranar farko. Na fassara shi da cewa nailan ne, yana kamawa. Wannan kuwa na sani, na san labarin gobarar tantunan Mina ta 1997 wadda ta ci alhazai sama da 300, har ta sa aka sauya tantunan da waɗanda wuta ba ta ci. Don haka na yi dabara irin ta mai ilimi. Na ɗora kaskon a kan faffaɗan dutse a cikin ɗan zauren, nesa da yadi, na bar ƙofar ciki a buɗe don ɗumin ya shigo, na ja zif ɗin waje har ƙasa. Kafofin sama suna rufe tun ranar da muka zo. Cikin minti goma wurin ya yi daɗi. Yaron ya ce, "Abba, kamar a gida." Na ji ni uba ne na gari.

Abin da na iya tunawa bayan nan kaɗan ne. Na farka kaina kamar ana sara shi da gatari. Na ji yaron yana kakarin amai. Na so in miƙa hannu, hannun ya ƙi. Ban tsorata ba, wannan shi ne abin da har yau yake ba ni tsoro in na tuna. Raina kawai ya ce mini mazarƙwaila ce ta yi masa yawa, bari in ɗan ƙara kwanciya.

Sai na ji muryar Kawu daga nesa yana kiran sunana na yarinta. Ya tashi ne cikin dare ya laluba kasko bai ji shi ba, ya leƙo ya hangi ja-ja ta jikin tantin. Ya ja zif ya ƙi. Bai tsaya ba, ya koma ya ɗauko addar saran rake ya tsarge tantin daga sama har ƙasa, riga biyun gaba ɗaya. Ya yi ƙafa da kaskon, ya kama ƙafar yaron ya jawo shi fili, ya yi ihu mutane suka fito suka jawo ni.

Sanyin da na gudu, shi ya farfaɗo da ni. Ina kwance a kan raɓa ina jin hayaniya. Wani yana cewa a kawo madara, wani yana cewa manja. Wani ya ce iska ce ta taɓa yaron, fadama ba ta rasa mutanen ɓoye. Kawu ya ce, "Iska ce kam, amma rashinta. Ku matsa ku ba shi wuri." Ya hana a ɗura masa komai, ya kwantar da shi ta gefe don kada aman ya shaƙe shi. Aka tayar da babur, wani ya rungume yaron a tsakiya, ni aka ɗora ni a na biyu, muka nufi cikin Maƙarfi da duhun asuba.

A asibiti aka sa masa robar iskar oksijin. Ma'aikacin da ya karɓe mu, da ya ji an ambaci gawayi da rufaffen wuri, bai ƙara tambaya ba. Shi ya fara yi mini bayanin abin da na ƙara karantawa daga baya. Gawayi in yana ci, musamman inda iska ta yi ƙaranci, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Ita ce dai wadda ke cikin hayaƙin janareta, wadda muke jin ta kashe iyali guda a ɗaki cikin dare. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200, sai jinin ya yi ta zagaya jiki ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take bukata. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mutuwar jiki da rikicewar tunani, wato duk abin da mu za mu ce zazzaɓi ne ko ɓacin ciki. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Yara sun fi saurin kamuwa domin sun fi mu saurin numfashi. Madara da manja ba sa taɓa ta. Maganinta fili, sannan asibiti, ko da mutum ya ga kamar ya warware.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, garwashin da ya daina hayaƙi shi muka ɗauka mai lafiya. Haka na ga ana yi tun ina yaro, a bar gawayi a waje ya gama hayaƙinsa sannan a shigar wa tsohuwa ko mai jego ɗaki. Kuma mun tsira ne saboda irin ɗakunanmu na da, rufin ciyawa, ƙofar asabari, bukkar kara, duk iska na ratsa su ko mun so ko mun ƙi. Kaskon nan ya yi shekaru a bukkar Kawu bai sa kowa ciwon kai ba. Ni na ɗauke shi na kai shi cikin abin da aka ƙera musamman don kada iska ta ratsa, na danne gindinsa da ƙasa, na toshe hancinsa biyu. Ɗakunanmu na yanzu, siminti da silin da tagar gilashi, ga tsumma da muke cusawa a ƙarƙashin ƙofa in hunturu ya zo, sun fi kama da tantina fiye da bukkar Kawu. Na tambaye shi yadda aka yi ya gane. Ya ce shekarun baya ya je jana'izar wani ango da amaryarsa, sabon ɗakin siminti, an wayi gari an ɓalle ƙofa an tarar da su kamar masu barci, kasko na gefe ya zama toka.

Yaron ya kwana ɗaya aka sallame mu, ya yi kwanaki yana cewa kansa na ciwo, sannan ya ware. Kiran uwarsa a waya ya fi mini komai wuya. Na shirya maganganu iri-iri, da ta ɗauka sai kawai na ce mata ni na shigar da wuta. Ta yi shiru mai tsawo, ta ce in ba shi wayar. Sai da muka koma Kaduna da kwana biyu ta yi mini magana a kai, kuma abin da ta faɗa tsakanina da ita ne.

Ban jefar da tantin ba. Na kai wa wani mai ɗinkin tamfol, ya ɗinke rigar waje, a ta ciki kuma inda addar ta bi ya sa mini ragar gidan sauro, tsawon hannu guda. Kafofin sama na cire murafensu gaba ɗaya don kada wata rana shaiɗan ya sake ba ni shawara. Hunturun da ya biyo muka koma, da izinin uwarsa, bayan yaron ya yi wata guda yana naci. Wannan karon ganyen rake muka fara shimfiɗawa kafin komai. Muka tafi da hular sanyi da safa bibbiyu, muka ci tuwo mai zafi kafin kwanciya, na cika gorar roba mai kauri da ruwan ɗumi na naɗe ta a zane na sa masa a ƙafa. Jin ɗumin wuta a waje muke yinsa, tare da kowa, in jiki ya ɗauka mu shige mu bar wutar inda take. Zif ɗin ma na koyi goge shi da tsohon buroshi in shafa masa kyandir.

Ranar da za mu taho, Kawu ya ce in bar masa tantin zuwa ƙarshen aiki. Na yi murna, na ce ashe tsoho ya sauko. Da na dawo ɗauka bayan wata biyu na same shi a kafe a inuwar mangwaro, cike da mazarƙwaila an jera ta a kan buhu har kusan rufi. Ya ce bai taɓa samun rumbu irinsa ba, ƙura ba ta shiga, ƙudan zuma ba sa shiga. Na ce, "Kawu, ai na ɗauka kwana za ka riƙa yi a ciki." Ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya juya ya koma bakin tukunyarsa.